FEDERIKO NA URBINO, SOJAN HAYAN DA YA GINA FADA

A tsakiyar ƙasar Italiya, ta wajen gabas, akwai wani ɗan ƙaramin gari a kan duwatsu wanda ake kira Urbino. Ba shi da babban kogi, ba shi da tashar jiragen ruwa, ƙasar nomansa kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Duk da haka, a garin nan ne aka gina ɗaya daga cikin fadodin da mutanen Italiya suka fi alfahari da su. Wanda ya sa aka gina ta shi ne Federiko da Montefeltro, wanda ya yi zamani daga 1422 zuwa 1482. Tarihinsa nake so in gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mu ga yadda aka yi ginin, da inda kuɗinsa ya fito, da abin da ya same shi bayan mai shi ya kau.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

A wancan zamani Italiya ba ƙasa ɗaya ba ce. Ta rarrabu kashi kashi, kowane babban birni da mulkinsa. Manyan cikinsu su ne Milan, da Benis, da Fulorans, da Nefuls, da ƙasar Fafaroma wadda hedkwatarta ke Roma. Ƙananan garuruwa irin su Urbino suna tsakaninsu ne kamar ɗan akuya a garken shanu, kullum cikin lura da inda za a taka.

An haifi Federiko ran 7 ga Yuni, 1422, a garin Gubbio. Mahaifinsa Guidantonio shi ne mai mulkin Urbino, yana riƙe da sarautar da Turawa ke kira Kont. Ba ta hanyar aure aka haifi yaron ba, amma da yake a lokacin uban ba shi da magaji, sai Fafaroma Martin na Biyar ya ba da takardar da ta shigar da shi cikin 'ya'yan gida a 1424. Ba a daɗe ba kuwa sai matar uban ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Oddantonio. Daga ran nan Federiko ya koma baya, gado ya zama na ƙanensa.

Yana da shekara 11 aka kai shi Benis jingina, don tabbatar da wata yarjejeniyar sulhu da aka ƙulla. Daga can aka mai da shi Mantuwa, inda ya shiga makarantar wani mashahurin malami, Vittorino da Feltre. Malamin nan yakan haɗa 'ya'yan sarakuna da 'ya'yan talakawa a aji ɗaya, yana koya musu Latin da Girkanci da lissafi da kiɗa, yana kuma sa su wasannin motsa jiki. Zaman Federiko a makarantar bai yi tsawo ba, amma abin da ya sha a can ya bi shi har kabari. Bayan shekara arba'in, da ya zo ƙawata ɗakin karatunsa da hotunan manyan masana na duniya, sai da ya sa hoton malaminsa a cikinsu.

Sana'ar yaƙi

Ɗan sarkin da ba shi da gado a Italiya ta wancan lokaci, sana'a biyu ce a gabansa, ko ya shiga aikin coci ko ya ɗauki takobi. Manyan biranen nan masu arziki ba su cika ajiye sojan kansu ba. In yaƙi ya taso sai su yi jinga da wani jarumi mai rundunarsa, a rubuta yawan dawakai da dakarun da zai kawo, da watannin da zai yi, da kuɗin da za a biya shi. Federiko ya shiga wannan sana'a yana ɗan shekara 16, ya kuwa yi suna tun da wuri, musamman da ya ci ganuwar San Leo a 1441, wadda ke kan wani dutse mai wuyar hawa.

A watan Yuli na 1444 wasu mutanen Urbino suka shiga gidan sarauta da dare suka kashe Oddantonio, saboda nauyin haraji da lalatar fadawansa. Yaron bai wuce shekara 17 ba. Gari na wayewa sai ga Federiko a ƙofar birni. Mutanen gari ba su buɗe masa ba sai da ya amince da sharuɗɗansu, ciki har da rage haraji da yafe wa waɗanda suka yi kisan. Saurin isowarsa da wannan afuwa suka sa abokan gabansa suka yi ta zarginsa da hannu cikin jinin ƙanensa, zargin kuwa ya bi shi iyakar ransa.

Da ya hau mulki bai ajiye takobi ba, don ya san ƙasarsa ba za ta iya ciyar da fada ba. Ya yi wa Fulorans aiki, ya yi wa Milan, ya yi wa Sarkin Nefuls, ya yi wa Fafaroma. Sauran sojojin haya sun saba da sauya sheƙa in an ƙara musu kuɗi, shi kuwa ya yi suna wajen cika jinga. Wannan ya sa farashinsa ya hau, har ya kai ana biyansa ko ba a yaƙi, don dai kada ya koma wa abokin gaba. Kuɗin nan da ke shigowa daga waje shi ya ba shi damar sassauta wa talakawansa haraji, shi ne kuma ya zama tubali da dutse a Urbino.

Wajen 1450 wani hatsari ya same shi a wasan dawaki, irin wanda mahaya biyu kan sukwano su kara da masu. Mashi ya fasa masa idon dama, ya karya masa karan hanci. Shi ya sa hotunansa kusan duka ta gefen hagu aka zana su. Babban abokin gabansa kuwa shi ne maƙwabcinsa Sigismondo Malatesta, mai mulkin Rimini. Sun fi shekara ashirin suna fafatawa, sai a 1462 Federiko ya karya shi a bakin kogin Cesano, a shekarar da ta biyo kuma ya ƙwace garin Fano. Daga nan ƙasarsa ta faɗaɗa, hankalinsa ya kwanta, ya juya ga gini gadan-gadan.

Yadda aka gina fadar

Gidan sarautar da ya gada ba fada ba ce ta a zo a gani. Tsofaffin gine-gine ne a warwatse a bakin wani gangare. Wajen 1454 ya ɗauko wani magini daga Fulorans, Maso di Bartolomeo, ya fara haɗa su, ya gina dogon sashen da ke fuskantar gabas. Wannan aiki na farko bai bambanta da gidajen manyan Fulorans ba sosai.

Wanda ya ba fadar kamanninta na sosai shi ne Luciano Laurana, mutumin Dalmatiya, watau gaɓar tekun da ke cikin ƙasar Kuroshiya a yau. A watan Yuni na 1468 Federiko ya ba shi takarda ya naɗa shi shugaban dukan magina da masassaƙa da ke aikin, kowa ya bi umurninsa. Matsalar da ke gaban Laurana babba ce: fili ya ƙare, abin da ya rage sai rami mai zurfi ta yamma. Maimakon ya guje wa ramin, sai ya kafa harsashi tun daga gindin gangaren ya taso da gini sama. A nan ya yi fuskar da aka fi sanin fadar da ita. Hasumiya biyu ne sirara, dogaye, masu tsinin kai, a tsakaninsu kuma baranda uku na farin dutse, wata bisa wata. Cikin kowace hasumiya akwai matakala mai murɗawa. Fuskar nan ba cikin gari take kallo ba, tana duban hanyar da baƙi ke bi su iso ne, don tun daga nesa matafiyi ya san ya zo ƙasar mai arziki. Gidajen sarakunan da suka gabata ganuwa ne masu ƙananan tagogi don tsoron hari. Wannan kuwa mai gidan yana fitowa baranda ya sha iska, ya dubi duwatsun ƙasarsa.

Abu na biyu da Laurana ya yi shi ne tsakar gida. Fili ne mai kusurwa huɗu, an kewaye shi da ginshiƙan farin dutse masu ɗauke da bakan gizo, bangon sama kuwa na jan tubali ne mai haske. A nan ya warware wata matsala da ta dami maginan Fulorans. Su sukan sa ginshiƙi ɗaya tak a kusurwa ya ɗauki baka biyu, sai wurin ya yi kamar zai rufta ko da yana da ƙarfi. Laurana ya sa kakkauran dogari a kowace kusurwa, ginshiƙai suka jingina da shi ta kowane gefe, sai ido ya natsu. Magina da yawa sun yi koyi da wannan dabara daga baya. Daga tsakar gidan wata faffaɗar matakala mai saukin hawa ta tashi zuwa bene, inda babban zauren taro yake, mai tsawon kimanin mita 35.

Laurana ya bar Urbino a 1472. Bayan 'yan shekaru aka ɗauko Francesco di Giorgio Martini, mutumin Siena, gwanin gina ganuwa da sarrafa ruwa. Aikinsa mafi yawa ba ya ganuwa ga baƙo, don a ƙarƙashin ƙasa yake. A can aka shirya madafa, da wurin wanki, da ɗakunan ajiya, da ɗakin wanka mai ruwan zafi. Ruwan saman da ya sauka a rufin fada ana tara shi ta magudanai zuwa manyan tankuna. Akwai lambu a kan bene, in ƙanƙara ta zuba a cikinsa da hunturu sai a tura ta cikin wani rami mai zurfi da ke ƙasa, ta daɗe ba ta narke ba, ana adana abinci da ita. Ya kuma gina doguwar barga mai ɗaukar dawaki 300, da wata hanya mai murɗawa cikin hasumiya wadda mahayi zai hau da dokinsa tun daga filin kasuwa da ke gindin dutse har ya iso sama. Ƙofofi da murafun dumama ɗaki kuwa wani masassaƙin dutse daga Milan, Ambrogio Barocci, shi da mutanensa suka yi musu ado.

Wani abin sha'awa shi ne ginin da kansa yana faɗin shekarunsa. A sassan da aka gama kafin 1474 an sassaƙa haruffa biyu, F da C, watau Federiko mai sarautar Kont. A shekarar nan Fafaroma Sixtus na Huɗu ya ɗaga shi zuwa sarautar Duk, wadda ta fi ta da girma, Sarkin Ingila Edward na Huɗu kuma ya aiko masa da lambar girma. Daga nan sai haruffan suka canja suka nuna sabuwar sarauta. Mai lura yana iya bin ƙofofi da tagogi ya gane wanne aka riga yi.

Ɗakin karatu da littattafai

Duk girman fadar nan, ɗakin da ya fi suna a cikinta bai kai mita huɗu ba kowane gefe. Shi ne ɗan ɗakin da Federiko ke keɓewa ya yi nazari, yana bayan barandar nan ta tsakanin hasumiyoyi, an gama shi a 1476. An lulluɓe bangonsa na ƙasa da ƙananan gutattsarin katako masu launi iri iri, an jera su da gwaninta har mutum ya rantse kabad-kabad ne a buɗe, cike da littattafai da kayan kiɗa da na'urorin duban taurari. In ya kai hannu sai ya ji bango ne sumul. A wani gefe an nuna sulkensa a rataye, an tuɓe an ajiye. A sama kuma aka jera hotunan masana 28, cikinsu har da Aflatun da Aristotal da Yuklid mai lissafi, aikin Justus na Ghent da Pedro Berruguete.

Laburarensa kuwa a ƙasa yake, a gefen tsakar gida, inda mai neman ilmi zai isa ba sai ya ratsa ɗakunan sarki ba. Ko da yake an riga an ƙago injin ɗab'i a Jamus, shi ya fi son littafin hannu. Wani dillalin littattafai na Fulorans, Vespasiano da Bisticci, ya tara masa marubuta suna ta juyar littattafai a kan fata. Kafin ya rasu ya tara wajen littafi 900, na Latin da Girkanci da Ibrananci, a kan addini da likitanci da lissafi da tarihi da dabarun yaƙi. Akwai wani hotonsa da ya nuna halinsa sarai: yana zaune sanye da sulke, ga kwalkwali a ƙasa, yana karanta wani babban littafi, ɗansa ƙarami na tsaye a jikin gwiwarsa.

Shekarar daɗi da baƙin ciki

Matarsa ta fari ta rasu a 1457 ba ta haihu ba. A 1460 ya auri Battista Sforza, 'yar mai mulkin Pesaro, yarinya mai ilmi ƙwarai. Duk lokacin da ya fita yaƙi ita ke riƙe ƙasa. Ta haifa masa 'ya'ya mata a jere, sai a watan Janairu na 1472 ta haifi namiji, Guidobaldo. Aka yi ta murna, an sami magaji.

A watan Yuni na shekarar nan Fulorans ta ɗauke shi ya hori garin Volterra, wanda ya yi mata tawaye a kan ma'adinin alif, abin da marina ke kama launi da shi. Mutanen garin suka ga ba su iyawa, suka miƙa wuya bisa alkawarin za a tsare rayukansu da dukiyarsu. Amma da sojoji suka shiga sai suka auka wa garin, suka yi kisa, suka ci mutuncin mata, suka washe gidaje. Ko da ba shi ya ba da umurni ba, shi ne shugaban rundunar, alkawarin kuma a hannunsa yake. Fulorans ta yi masa gagarumar tarba da kyaututtuka, wasu littattafan Ibrananci na Volterra kuma suka ƙare a laburaren Urbino. Bai gama karɓar gaisuwa ba sai labari ya zo Battista ba ta da lafiya. Ta rasu a Gubbio a farkon Yuli, ba ta wuce shekara 26 ba. Bai sake aure ba. Shahararren hoton nan nasu su biyu suna fuskantar juna, wanda Piero della Francesca ya zana, yana Fulorans a yau.

Akwai wani tabo kuma da ya daɗe a ɓoye. A 1478 aka ƙulla makirci a Fulorans don a kashe Lorenzo de' Medici da ƙanensa Giuliano a cikin coci. Giuliano ya mutu, Lorenzo ya tsira da rauni. A fili Federiko abokin Lorenzo ne. Sai a farkon shekarun 2000 wani masanin tarihi, Marcello Simonetta, ya warware wata wasiƙarsa da aka rubuta da rubutun asiri, aka ga ashe ya san da shirin, har ya yi alkawarin ba da sojoji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da bayan shekara 500.

Rasuwarsa da abin da ya sami fadar

A 1482, yana da shekara 60, ya fita kare Ferrara daga rundunar Benis. Sansanin yana cikin fadama, zazzaɓi ya kama sojoji, shi ma ya kama shi. Ya rasu a Ferrara ran 10 ga Satumba, aka kawo gawarsa gida, kabarinsa na cocin San Bernardino a bayan gari. Aikin fada ya tsaya. Fuskar da ke kallon dandalin gari an fara lulluɓe ta da farin dutse ba a gama ba, har yau tubalinta a waje yake.

Guidobaldo ya gaji uban yana ɗan shekara 10, ya taso mai ilmi amma marar lafiya. A 1502 Cesare Borgia, ɗan Fafaroma Alexander na Shida, ya mamaye Urbino da yaudara, ya kwashe kayan fada da yawa. Guidobaldo ya komo a 1503, a zamaninsa ne kuma Baldassare Castiglione ya zauna a fadar, wanda daga baya ya rubuta littafi a kan halayen bafade na gari, ya kwatanta fadar da gari sukutum. Guidobaldo ya rasu a 1508 bai bar ɗa ba, sarauta ta koma gidan Della Rovere ta wajen 'yar'uwarsa. Su ne suka ɗora wani bene a kan ginin cikin ƙarni na 16, aikin da ya shafe tsohon rawanin bango, suka kuma mai da mazauninsu Pesaro.

A 1631 Duk na ƙarshe ya rasu ba magaji namiji, ƙasar ta koma hannun Fafaroma. Daga nan aka shiga ɗiba. Hotuna masu daraja suka bi jikanyarsa zuwa Fulorans. Aka ciro hotunan masanan nan 28 daga bango, 14 daga cikinsu suna gidan tarihi na Louvre a Faris yanzu, sauran 14 an mai da su Urbino. A 1657 aka kwashe laburaren zuwa Batikan. Fada ta zama mazaunin wakilin Fafaroma, daga baya ta zama ofisoshi, wani sashe ma har kurkuku aka yi da shi.

Farfaɗowarta ta faro ne a 1912, da aka mai da ita gidan adana zane-zane na lardin Marche. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shugaban gidan, Pasquale Rotondi, ya ɓoye dubban kayan tarihi na Italiya don kada bom ko 'yan wawaso su same su, wasu a ganuwar Sassocorvaro wadda Francesco di Giorgio ya gina, wasu a ƙarƙashin fadar kanta. A 1975 ɓarayi suka sace hotuna uku, biyu na Piero della Francesca, ɗaya na Rafayel, wanda haifaffen Urbino ne, aka gano su a Suwizalan a 1976. Cikin shekarun 1980 aka gyara ɗakunan ƙarƙashin ƙasa aka buɗe wa masu ziyara, a 1998 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Urbino cikin wuraren tarihi na duniya.

To, jama'a, kun ji tarihin Federiko. Garuruwan da ya ci da yaƙi sun fita hannun gidansa, zuriyarsa ta ɗa namiji ta yanke a kan ɗansa, sarautar da ya yi ta nema ta shuɗe. Abin da ya saura shi ne wanda ya kashe wa magina da marubuta kuɗi, watau 'ya'yan karatun nan da ya yi a Mantuwa yana yaro. Wannan abin lura ne gare mu ɗalibai, da iyayen da ke wahalar biya mana kuɗin makaranta. Amma kada kyan gini ya rufe mana ido. Mutanen Volterra ma suna da gidaje, da kuɗin irin aikin da ya rushe nasu aka ɗora tubalin Urbino. Ilmi ya koya wa Federiko abin da zai yi da dukiya, bai hana shi bin mummunar hanya wajen samunta ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya haɗa mana da halin ƙwarai, amin.